Teburin Maɗaci

"Kai Auta! Wai yau ma ba za ka bar kunnena ya huta ba? Tun safe ƙurus-ƙurus, sai ka ce gafiya ta shiga rumbu!"

Iya Hasana ce ke wannan ƙorafi daga kan tabarmarta a gindin bedin tsakar gida, bishiyar nan ta dogon yaro. Al'amin ya ɗago daga kan katakon da yake yankawa, jan garin katako duk ya cika masa gira, ya yi dariya.

"Iya, ke fa kika ba ni katakon. Da kin san haka zarto ke kuka ai da kin hana."

"Ni za ka gaya wa kukan zarto? Da shi na yi zaman aure, yaro."

Ta yi dariya, dariyar ta rikiɗe ta koma tari, tarin nan da ya ƙi rabuwa da ita tun bara. Ya ajiye zarton da sauri ya ɗebo mata ruwa a randa, ya tallafe ta har ta sha.

Al'amin shi ne autan Iya, kuma shi kaɗai ya rage mata a gida. Sana'arsa noman lambu a bakin tafkin Madarumfa, amma hannunsa ya san katako, don marigayi babansa kafinta ne, a gefensa ya tashi. Yarinyar da zai aura kuwa sunanta Nusaiba. Ta yi karatun aikin sakatare a Maradi, ta dawo gida da 'yar ordinatar ɗinta, kwamfutar nan ta hannu, tana buga wa mutane takardu. Wata rana ya je hira da la'asar, ya hango ta ta kife turmi ta ɗora ordinatar a kai, ta duƙa tana bugawa, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Abin ya tsaya masa a rai. A ranar ya ƙudurta a ransa sai ya yi mata teburin da ba a taɓa ganin irinsa a garin ba.

Da ya ce wa Iya zai je kasuwa neman katako, sai ta ce ya hau saman zaure ya sauko da abin da ke can. Falankan maɗaci ne masu kauri, sun bushe ƙayau, nauyi kamar dutse.

"Babanka ya ajiye su zai yi mini gado," in ji ta. "Kullum yana cewa bari a kai gero rumbu, bari a gama aikin wane. Har Allah Ya yi ikonSa. Ɗauki ka yi wa amaryata."

"Iya, gadonki fa!"

"Ni da na saba da tabarma? Ɗauki, na ce."

Ai kuwa ya duƙufa. Da safe lambu, da rana katako. Awon ma da dabara ya same shi. Wace budurwa ce za ta tsaya saurayi ya gwada ta da igiya? Sai ya lura da inda gwiwar hannunta ke kaiwa a bangon zaurensu in ta zauna a benci, tana shiga gida ya tsinko kara ya auna, ya sa a aljihu. Bai yarda ƙusa ko ɗaya ta taɓa katakon ba. Yadda babansa ke yi, haka ya yi: ya huda ƙafafu, ya sassaƙa bakin sanduna ya cusa su a ramin, ya sa gam, ya ɗaure da igiya tamau har suka kama. Ya haɗa falankan sama har ba ka gane inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Ya yi ɗan rami a baya inda waya za ta bi, ya yi aljihu na ajiye takardu. Ya goge da sanfefa, takardar goge katako, har tafin hannunsa ya saɓule, sannan ya shafa masa mai, maɗacin ya fito jawur yana ɗaukar ido.

Ranar da ya gama, Iya ta sa ya kama ta ta miƙe, ta shafa saman teburin a hankali.

"Hannun babanka ke nan sak. Amma Auta, ka saurare ni. Kar ka kuskura ka sa shi a ɗakin amarya kafin jere. Ɗakin amarya na uwarta ne. Namiji gini da rufi nashi, abin da ke ciki kuwa daga tsintsiya har gado, daga hannun uwa yake fitowa. Ka bari sai ta tare, sannan ka ba ta."

"To, Iya."

To ɗin baki ne kawai. Shi a ransa hoto ɗaya yake gani, Nusaiba ta buɗe mayafi a ɗakinta, idonta ya sauka a kan teburin. Wai me zai ɓaci don an sa tebur ɗaya a ɗaki? Haka samari suke, in daɗi ya cika su kunnensu toshewa yake.

Bayan kaka aka sa biki. Da hantsi za a ɗaura aure, da azahar za a zo jere, da yamma a kawo amarya. Kafin ya fita wajen ɗaurin aure, Al'amin ya faki idon Iya, ya kira abokinsa suka kinkimi teburin suka kafa shi a ɗakin amarya, a jikin bangon da ke kallon ƙofa.

Wannan bango kuwa shi ne bangon armuwar, wato kabad ɗin da ake jera kwanuka da tasoshi a ciki, inda idon duk macen da ta shigo ganin ɗaki yake fara sauka.

Mai jagorantar masu jere ita ce Hajiya, yayar marigayi baban Nusaiba, mace mai jiki da murya, wadda in ta yi magana a dangi ba mai ɗorawa. Tana ɗaga labule ta ja ta tsaya.

"Mi nike gani haka? Wa ya kawo wanga abu?"

Aka ce ango ne ya yi wa amarya da hannunsa.

"Iye! Ango ne ke yi wa ɗiyarmu kayan ɗaki? Wato mun gaza ke nan? Ya ga uban yarinya ba ya raye, shi ne zai nuna wa gari ba mu iya cika bango ba? Ku fitar mini da shi!"

Suka fitar da shi, suka dangwarar a bayan ɗaki kusa da murhun biki, suka shiga aikinsu. Matan unguwa masu girki kuwa ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Suka ga tebur mai ƙwari an kawo kusa da su, suka ce madalla, an tuna da mu. Suka baje naman rago a kai suka daddatsa da wuƙa da adda. Da shinkafa ta nuna, suka sauke tukunyar da zafinta a tsakiyarsa.

Da la'asar Al'amin ya shigo cikin farar shadda, abokai na yi masa tsiya. Ya leƙa ɗaki, ya ga armuwar a inda ya bar teburinsa. Ya zagaya baya. Wayyo! Saman da ya kwashe watanni yana gogewa ya zama duk sara, kitse ya daskare a cikin tsagogin, ga baƙin zoben gindin tukunya ya ƙone katakon. Idonsa ya rufe. Ya dawo ƙofar ɗakin, a gaban mata cike da tsakar gida, ya ɗaga murya.

"Saboda wannan akwatin kwalin kuka fitar mini da shi? Armuwar ɗin da damina ɗaya za ta cinye shi? Da me ya fi itacen hura wuta?"

Iya ta kira "Auta!" daga gindin bedi, amma magana ta riga ta fita. Hajiya ta gyara mayafi, ta juya, masu jere suka bi ta.

Abin da Al'amin ya manta a wannan lokaci shi ne daga ina armuwar ɗin ya fito. Inna Ɗelu, mahaifiyar Nusaiba, ƙuli-ƙuli take yi. Tun yarinyar na firamare take tara kwano ɗaya, tasa ɗaya, daga gaban kaskon suya. Armuwar ɗin nan da ya kira akwatin kwali, shekarunta ne a gaban wuta. Da aka kai mata maganar, ba ta yi zagi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka mai cin rai, sannan ta ce, "Yarinyar nan ba ta shiga gidan da aka zagi gumina."

Haka yamma ta yi, motar amarya ta koma ba kowa a ciki. Nusaiba na zaune da lalle a hannu da ƙafa, ƙawaye suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Dattawa sun yi ta kai da kawo. In sun je wajen Ɗelu sai hawaye, in sun zo wajen Al'amin sai ya nuna musu teburin ya ce, "Ku duba fa! Ni aka yi wa ɓarna, kuma ni zan ba da haƙuri?" Daga ƙarshe suka ce a bari zukata su huce. Lallen amarya ya fara gogewa a gidan uwarta. Hajiya kuwa ta fara cewa a raba auren tun ba a yi nisa ba, ta tafi da yarinyar Maradi ta samo mata aikin biro, wato ofis.

Salula ce kawai ta rage tsakanin ango da amarya.

"Nusaiba, ke matata ce, an ɗaura. Ki fito bakin titi in zo da moto in ɗauke ki, wa zai ce don me?"

"Dakor, na yarda ni matarka ce, kuma na gaya wa Gwaggo Hajiya ko za a yanka ni ba zan nemi saki ba. Amma Yaya Al'amin, ba zan shigo gidanka ta bayan Inna ba. Ka san hannunta kuwa? Ka taɓa duba hannunta?"

"Ke kin ga teburin?"

"Ban gani ba," ta ce. "An dai ce don ni ka yi. Har yau a kan turmi nike aiki, in na tuna sai in kasa ganin abin da nike bugawa. Zan jira ka, ko shekara nawa ne. Amma kai za ka zo."

Ya kashe wayar zuciyarsa na tafasa. Yana sonta kamar ransa, kuma ya san gaskiya ta faɗa, wannan ne ma ya fi ƙona shi.

Jikin Iya kuwa sai ƙara lalacewa yake. Wata rana da rana tsaka yana ba ta kunu, ta riƙe masa hannu.

"Auta, ka ɗora teburin nan a amalanke ka kai wa Ɗelu. Ka ce mata nata ne. In ta ga dama ta kawo wa ɗiyarta cikin kayan ɗaki, in ta ga dama ta hura wuta da shi."

"Katakon Baba, Iya? Bayan abin da suka yi masa?"

"Katakona ne. Gadona ne da ban kwanta a kai ba, ban kuma yi kuka ba. Kai mi naka a ciki in ba zafin rai ba?" Ta numfasa. "Ni abu ɗaya nike so. In ga amarya ta ɗebo mini ruwa a randar gidan nan, ko sau ɗaya ne, in sha daga hannunta."

Hawaye suka zubo masa. "Zan kai, Iya. Bari dai in gyara shi tukuna, ba zan kai shi a haka ba."

Gyara! Wallahi ba gyara ba ne, girman kai ne ya samu wurin fakewa. Kullum in ya dawo lambu sai ya hau teburin da sanfefa. Ƙananan sarar suka ɓace, manyan suka ƙi, baƙin zoben kuwa ya ci katakon har ciki. In Iya ta ce, "Yau za ka tahi?" sai ya ce saura kaɗan. Ya gaya wa Nusaiba maganar ruwan randa a waya, ta yi ta kuka tana roƙonsa ya zo a yau, ya ce mata gobe.

Wata safiya ya dawo daga tafki da ɗanyen kifi zai yi wa Iya romo, ya tarar da maƙwabta cike da tsakar gida. Kifin ya suɓuce daga hannunsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Iya Hasana ta cika a kan tabarmarta, a gindin bedin, fuskarta na kallon ƙofar gida.

Ya yi kukan da bai yi ba ranar mutuwar babansa. Abin da ke yanka shi ba mutuwar kaɗai ba ce, kowa zai tafi. Ruwa ne ta roƙa, moɗa ɗaya, ya hana ta saboda tebur. Inna Ɗelu ta zo gaisuwa cikin mata, Nusaiba na bayanta lulluɓe, daga nesa kawai ya hango su.

Ana gama sadakar bakwai, ya ari amalanken jaki. Ya ɗora teburin yadda yake, da sararsa da ƙunarsa, ya ja jakin yana tafe a ƙasa ta tsakiyar gari, mutane na kallo. Ya yi sallama a gidan surukarsa, ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya shiga ya durƙusa nesa da murhu. Ɗelu na gaban kasko tana suya, Hajiya na zaune a kujera gefe. A karon farko ya dubi hannun Ɗelu. Duk tabon ƙunar mai ne, sabo a kan tsoho, yatsun sun kanannaɗe saboda matsar tunkuza.

"Inna," ya ce, kansa a ƙasa, "na zagi abin da ban san da me aka same shi ba. Ki yafe mini don Allah. Ga tebur can a ƙofar gida, naki ne. Iya ce ta ce in kawo miki tun tana da rai, na ƙi. In kin so ki ba ɗiyarki, in kin so ki sa a murhu."

Ɗelu ta tsame ƙulin da ke kasko, ta goge hannu, ta fita ƙofar gida. Ta daɗe tana shafa saman teburin, yatsanta na bin baƙin zoben.

"Wanga ba katakon kasuwa ba ne. Ina ka samo shi?"

Ya gaya mata. Gadon da aka yi wa Iya alkawari, da shekarun da falankan suka yi a saman zaure, da ruwan randa.

Ɗelu ta dafa teburin ta fashe da kuka. "Wayyo Hasana! Kin ba ɗiyata gadonki, ni na hana ki ganinta! Ni ma ai da na sassauta. Mi armuwar zai tsinana mini ranar gobe ƙiyama?"

Hajiya, wadda ba a taɓa ganin hawayenta ba, ta ja bakin mayafi ta share ido. "Ni na ce a fitar da shi, ban kuma tambayi inda aka kai shi ba," ta ce a hankali. Sai kuma ta dawo da muryarta ta kullum. "To, zaman mi ake? Ɗelu, teburinki ne ko ba naki ba? In naki ne, a sa shi cikin kayan ɗiyarmu, mu kai abinmu!"

Washegari da la'asar amalanken nan ya sake ratsa gari, Hajiya a gaba tana gaya wa duk wadda ta tambaya, "Kayan ɗiyarmu ne, uwarta ta ba ta." Ɗelu ta aiko da saƙo a matsar da armuwar zuwa bangon gefe. Hajiya da hannunta ta kama ƙafar teburin aka kafa shi a bangon da ke kallon ƙofa.

Ba kiɗa, ba guɗa, don gidan na cikin makoki. Kafin rana ta faɗi aka kawo amarya. Da mutane suka watse, Nusaiba ta buɗe mayafi, ta zauna a gaban teburin, gwiwar hannunta ta sauka daidai a kansa kamar an gwada ta. Al'amin ya ce zai nemo ƙyalle a rufe ƙunar.

"A'a, Yaya Al'amin. Bar shi a buɗe, mu riƙa gani."

Masu karatu, Nusaiba ta yi haƙuri, ba ta saɓa wa uwarta ba, ba ta saki mijinta ba, Allah kuwa Ya ba ta duka biyun. Amma ku samari, ku ji tsoron zafin baki a gaban iyayen wasu, don ba ku san da wane gumi aka sami abin da kuke rainawa ba. In kuma kun yi kuskure, ku ba da haƙuri a ranar. Al'amin ya ba da nasa, an karɓa, sai dai wadda ta fi kowa son ganin wannan rana ba ta jira shi ba.

Nusaiba ta miƙe ta fita tsakar gida. Ta buɗe randa, ta cika moɗa, ta taka a hankali har gindin bedi inda tabarmar Iya take a da. Ta durƙusa da gwiwa biyu kamar yadda amarya ke yi wa uwar miji, ta riƙe moɗar da hannu biyu, hawaye na ɗiga a ciki.

"Iya, ga ruwan. Na zo."

Ta daɗe a haka. Sannan ta tsiyaye shi a gindin bishiyar, Al'amin na tsaye a bakin ƙofa ya rufe fuska da hannu.